Fuskar da Ban Taɓa Kalla Ba

Unguwar Dosa, Kaduna
2 ga Maris, 1997

Zuwa ga maigidana, sanyin zuciyata,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya zafin Abuja? Direban ofishinku ya ce gobe zai koma, shi ya sa na zauna na rubuta maka abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Maganar Baba ce. Wata tara ke nan da ka ɗauko shi daga Giwa bayan rasuwar Inna, wata shida da aka mayar da kai Abuja ka bar mu mu biyu a gida. Allah ne shaidata, ban taɓa ɗaga kai na dubi fuskarsa ba, ban taɓa tsayawa a tsaye in gaishe shi ba. Duk abin da aka koya mini na surukuta na yi. Amma Baba ba ya ƙaunata.

Kada ka ce sharrin littattafai ne. Sau uku a makon nan ina ajiye abinci a ƙofar ɗakinsa ya fito ya yi ƙwallo da langar. Ranar Laraba tuwon shinkafa ne da miyar taushe, na ɓata rabin yini a kanta, na tsince ta a ƙasa. Tagarsa da ke kallon madafata ya toshe ta da bargo, a cikin wannan zafi. Jiya na durƙusa a tsakar gida ina gaishe shi, ya bi ta kan littafin da ke gabana ya taka shi, ya wuce yana dafa bango, ko waiwaye babu. Littafin ma na haya ne.

Na so in ce ko rashin lafiya ce, to amma kullum da hantsi ina jin sa yana karatun Alƙur'ani da muryar nan tasa garau, ko tari ba ya yi. Mara lafiya ba ya karatu haka.

Akwai wani labari da na karanta, surukin yarinyar haka ya fara mata, sai da ya ga bayan aurenta. Na karanta shi sau biyu ina kuka, don kamar marubuciyar ta leƙo gidanmu ne. Ni dai ko ka nemo mana ko da ɗaki ɗaya ne a can in biyo ka, ko ka ba ni izini in je gidanmu in huta.

Ka huta lafiya. Taka har abada,
Safara'u

*

Abuja
12 ga Maris, 1997

Safara'u,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta da kyau. Ina fatan kuna lafiya.

Maganar ɗaki ba za ta yiwu ba yanzu, mu uku ne a ɗaki guda a Nyanya. Maganar tafiya gida kuma ban amince ba.

Kin san ni ɗan fari ne. Baba ko sunana ba ya kamawa, in na shiga gaishe shi kaina a ƙasa yake har in fito. Ba zan iya tsare shi da tambaya ba. Saboda haka na aika wa ƙanena Tukur, shi da suke iya magana, ya zo daga Giwa ya same shi, kila kin gan shi ranar Lahadi. Tukur ya gaya masa cewa kin kawo kuka. Baba ya ce, "Yarinyar tana da gaskiya. A mayar da ni Giwa." Bai ƙara komai ba.

An tsayar da ranar Asabar, 12 ga Afrilu. Tukur zai zo da mota don Baba ya yi Babbar Sallah a can. Ni an tura ni Legas, ba zan samu zuwa ƙarshen wata ba. Ki haɗa masa kayansa, ki kula da gafakarsa da takardun Alƙur'anin da yake rubutawa da hannu, kada ruwa ya taɓa su.

Raina bai yi daɗi ba, amma an yi yadda kike so. Ki rage karatun littattafan nan.

Na gode.
Labaran Zakari

*

Unguwar Dosa, Kaduna
23 ga Maris, 1997

Maigida,

Assalamu alaikum. Yau ba ni da kalmomin ado. Ina roƙonka ka karanta wannan takarda kai kaɗai, in ka gama ka ƙona ta.

Da wasiƙarka ta zo, murna na yi. Na faɗa maka ne don ka san irin matar da ka aura.

Jiya da azahar na je bakin titi mayar da littafi. Ina dawowa sai na ga motoci sun tsaya, 'yan acaɓa suna ta ihu, wani mai tasi ya leƙo yana cewa, "Tsoho, in mutuwa kake nema ka je wani titin!" Mutum ne tsaye a tsakiyar kwalta da farar riga. Takalman na fara ganewa, don su kaɗai na sani a jikinsa. Baba ne.

Na ɗaga kai. Wata tara muna gida ɗaya, jiya na fara ganin fuskar mahaifinka. Idanunsa a runtse suke gam, kamar wanda aka watsa wa barkono. Fatar idon tana ta rawa, goshinsa ya tattare. Ya sa yatsu yana ƙoƙarin buɗe su da ƙarfi, da ya saki sai su koma su rufe. Sandar makafi ma ba shi da ita, don shi ba makaho ba ne.

Ban san lokacin da na shiga titi ba. Na miƙa masa bakin gyalena ya riƙe, na jawo shi gefe. Ban yi magana ba. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. In ba damuwa, kai ni gida mai baƙin ƙyaure, bayan masallaci."

Muna tafe a hankali, ni a gaba shi a baya, sai ya fara ba ni labari kamar yadda mutum ke yi wa baƙon da ba zai sake gani ba. Ya ce abin ya fara ne da ƙyafta ido tun kafin rasuwar Inna, mutane suna masa wasa wai zai ga baƙo. Yanzu in haske ya buge shi ko iska, sai idon ya kulle, wani lokaci har a yi tsawon sallar raka'a huɗu bai buɗe ba. In yana karatu da murya kaɗai suke sakin sa. Ya sha rubutu, ya sa tozali, ya sayi tabarau, duk a banza. Ya ce Alƙur'anin da yake rubutawa, na bakwai a rayuwarsa, ya tsaya saura izu tara.

Sannan ya ce, "Akwai surukata a gidan, yarinyar kirki. Kullum sai na ɓarar mata da abinci, ba na ganin inda ta ajiye. In ta tafi nakan lalubo abin da ya rage a langar in ci, don ta iya miya. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa matar ɗana ta ja ni? Gara in koma ƙauye in bar yara su zauna lafiya."

Maigida, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na kai shi ƙofar gida. Ya saki gyalen, ya sa mini albarka, ya tambayi 'yar gidan wa ce. Na gudu. Na zaga ta ƙofar baya na shiga, na zauna a madafa ina kallon bargon da ke tagarsa. Ashe rana yake tarewa. Ni kuma na zauna na haɗa masa labari, na ba shi matsayin mugu, na ba kaina na baiwar Allah, har na sa ka kori mahaifinka daga gidanka.

Yau da safe na kai abinci har cikin ɗaki na ajiye kusa da buzunsa, na ƙwanƙwasa murfin da cokali don ya ji inda yake. Ya ce, "Madalla."

Don Allah ka hana Tukur zuwa. Maƙwabciyarmu Sista Hasiya, wadda ke aiki a asibitin ido ta wajen Mando, na gaya mata. Ta ce ta taɓa ganin masu irin wannan ciwo.

Matarka mai laifi,
Safara'u

*

Legas
29 ga Maris, 1997

Safara'u,

Wa'alaikumus salam. An biyo ni da takardarki har nan. Ban ƙona ta ba.

Ki daina ɗora wa kanki ke kaɗai. Ke wata tara kika yi ba ki kalle shi ba. Ni sau shida ina zuwa gida ina durƙusawa a gabansa a cikin ɗakin nan mai duhu, ban taɓa tambayar dalilin duhun ba. Jiya a ofis an yi mini magana sau uku ban ji ba.

Na buga waya gidan hakimin Giwa aka kira mini Tukur. Ya je Kaduna ya koma, ya ce Baba ya ƙi. Wai magana ta riga ta fita daga bakinsa, kuma ba zai zauna ya zama kaya a kan yarinya ba. Asibiti dai ya yarda a kai shi, don kada a ce ya raina ƙoƙarin maƙwabta. Ranar tafiya tana nan yadda take.

Ki bi Sista Hasiya duk inda ta ce. In Baba ya koma Giwa da wannan ido, na san ɗaki zai shiga ya rufe, ba zai sake fitowa ba. Ni na kasa tsayar da shi. Ban san ko ke za ki iya ba.

Allah ya ba mu mafita.
Mijinki,
Labaran

*

Unguwar Dosa, Kaduna
8 ga Afrilu, 1997

Maigida,

Assalamu alaikum, da fatan ka dawo Abuja lafiya. Ga yadda aka yi.

Mun je asibiti sau biyu. Zuwan farko likita ya haska idon Baba ya ce ƙwayar idon lafiyarta ƙalau, ta fi ta wasu samarin ma. Ciwon a naman da ke kewaye da ido yake, shi ne ke damƙewa ba da izinin mai shi ba. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ke ce kike zaune da shi? Sau nawa abin ke kama shi a yini? Wane ido ke fara rufewa?" Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Sista Hasiya ta ce, "Likita, surukarsa ce." Ya ajiye biro ya yi dariya kaɗan ya ce, "To, malama, daga yau na ɗage miki kunya har wata guda. In ba mai kallon fuskar nan, ni da wa zan yi aiki?" Baba ya ce, "Likita, ashe har fatawa kuke bayarwa a nan?"

Mako guda na yi ina kallonsa ina rubutawa a bayan wani tsohon littafina. Nakan zauna a bakin ƙofa da tiren shinkafa kamar ina tsinta. Idon dama ke fara rufewa. Kuma ban taɓa sani ba, ashe kamarku ɗaya, har ɗan tabon gira.

Maganin allura ce, sunanta botulinum, haka Sista Hasiya ta rubuta mini. Wani likita ne ya zo da ita daga waje a cikin ƙanƙara, ba kullum ake samu ba. In an haɗa kwalba ɗaya ba ta jimawa, don haka sai an tara masu ciwon a yi musu rana guda. Jiya Litinin aka kira mu, mu da wata tsohuwa daga Malali da wani tela.

Likita bai ɓoye wa Baba komai ba. Ya ce asalin maganin guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa a cikin abincin da ya lalace, amma ɗan mitsitsi ake ɗiba, ya kwantar da naman da ke damƙewa. Na ɗauka Baba zai tashi ya fita. Sai ya ce, "Wanda ya sa waraka a cikin ɗacin maɗaci ba zai gaza sa ta a cikin wannan ba. Bismillah."

Aka kwantar da shi. Allurar siririya ce kamar gashi. An yi masa a wurare biyar a kowane ido, a fatar sama, a gefe, a ƙasa, da saman gira. Da likita ya kusanto sai idon ya kulle, aka rasa yadda za a yi. Ni ce na ce, "In yana karatu suna saki." Maganata ta farko ke nan a gabansa da ta wuce gaisuwa. Baba ya ɗauko Suratu Yasin, fuskarsa ta lafa, aka yi aka gama bai ko motsa ba. Telan kuwa da aka zo kansa, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Likita ya ce ba nan take take aiki ba, sai kwana uku zuwa mako. Ba ta kuma warkarwa gaba ɗaya. Bayan wata uku ko huɗu ƙarfinta zai ƙare, sai a dawo a sake, haka za a yi ta yi. Wataƙila fatar ido ɗaya ta ɗan sauko ko hawaye ya riƙa zuba, duk zai wuce. Ka ga ke nan in ya koma Giwa, wa zai ji ranar da maganin ya iso, wa zai kawo shi?

Yau gefen idonsa ya yi ɗan baƙi, kuma har yanzu yana rufewa. Jiya a mota muna dawowa ya ce wa Sista Hasiya an gode, amma a bar kayansa a ɗaure. Saura kwana huɗu.

Na gane ba idon ne zai fitar da shi daga gidan nan ba, takardata ce. Kuma har yanzu bai san ni ce na ja shi a titi ba. Bakina ba zai iya ba. Zan gwada da ajamin da na koya a makarantar allo, in Allah ya buɗe idon ya karanta.

Ka yi mana addu'a.
Safara'u

*

Alhamis

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙushe ina gaisuwa. A gafarce ni da munin rubutu, rabona da ajami tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Na sa takardar a ƙarƙashin langa don ban da ƙarfin halin miƙawa.

Baba, ni ce na rubuta wa ɗanku cewa ba kwa ƙaunata. Na ce kuna zubar mini da abinci da gangan. Ban tambaya ba, ban duba ba, na ɗauko abin da na karanta a littafi na yafa muku. Ƙarya na yi muku ko da ban san ƙarya ba ce.

Kuma ni ce yarinyar da kuka riƙe gyalenta a bakin titi. Na ji duk abin da kuka faɗa, na yi shiru na bar ku kuna sa wa baƙuwa albarka, alhali mai laifin ce a gabanku.

Ban cancanci in roƙi komai ba, amma ina roƙo. Kada ku tafi. Ja ba nauyi ba ne a wurina. In kuwa ganina ne ba kwa so, yanzu da dalili, ni sai in tafi gidanmu ku ku zauna, don nan ne kusa da magani.

'Yarku, in kun yarda,
Safara'u

*

Asabar da hantsi, cikin Zulhajji

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata,

Aminci ya tabbata a gare ki. Takardarki ta kwana biyu a ƙarƙashin buzu. Yau na cire bargon taga, na karanta ta da idona, tun daga sallama har sa hannu, ba su rufe ba sai sau ɗaya. Godiya ta tabbata ga Allah. Ajaminki yana bukatar gyara, za mu zauna a kansa.

Game da titi. Wata tara ina jin takunki a tsakar gida, silifa ɗinki na hagu yana ja. Tun kafin ki miƙo gyalen na san ke ce. Abin da ba zan iya faɗa wa surukata ba, shi na faɗa wa baƙuwa. In akwai wanda ya yi ɓoyo a ranar, mu biyu ne, kuma ni ne babba. Na yafe, ke ma ki yafe.

In Tukur ya iso a ba shi abinci ya koma. Ki aika wa yaron nan na Abuja cewa ina nan. A kwance gafakata, a jiƙa mini tawada, saura izu tara.

Da rana, in da hali, a yi miyar taushe. Wancan karon rabinta kawai na samu.

Wassalam.
Zakari ɗan Malam Rabe